Ranar da Alhaji Garba Ya Fita Daga Gurup

Shekaranjiya samari uku na sabon kwamitin unguwarmu suka same ni a zaure ina ɗaure marfin amsa-kuwwata da roba. Suka yi irin durƙuson nan na yanzu, rabi a ƙasa rabi a sama, suka ce shawara suka zo nema. Wai suna so su san abin da ya fi dacewa da kiran taron unguwa: gurup na waya, ko shafin intanet, ko wani sabon abu da ke aika saƙo ga kowa ba tare da an iya mayar da magana ba. Kafin in buɗe baki ƙaraminsu ya miƙo mini waya ya ce, "Baba Illa, kai dai ka yi muna bokal, sauran mu muka san shi. Ai kiran taro ba wuya gare shi ba." Bokal shi ne saƙon murya da ake ɗauka a waya. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Gwiwoyina sun ƙare a lungunan Yantala a kan wannan aiki, yau yaron da na yi shelar sunansa da bakina yake gaya mini ba wuya. Ban yi musu faɗa ba. Na ce zan rubuta musu amsa, tunda sun fi jin magana idan ta fito ta gilashin waya.

Ni mai shela ne. In an yi haihuwa, ko rasuwa, ko ɓatan yaro, ko taron unguwa, ni ake kira in zaga in gaya wa mutane. Ba gadonta na yi ba. Na zo Yamai daga wajen Ƙonni ina saurayi, ina tallar rake a Kalley, sai wani tsoho Bazabarme mai suna Baba Saini, wanda shi ne mai shelar Yantala a lokacin, ya ji ni ina kiran masu saye. Ya sayi rake bai sha ba, ya ce wannan murya asara ce a kan rake. Na bi shi. Na daɗe ina ɗaukar masa ganga kawai, ba ya barina in ce uffan, har na fara zaton alfadari ya samu ba almajirin sana'a ba.

Aikin farko da ya bar mini ɓatan tunkiya ne. Na tsaya a tsakiyar mararraba, na cika ƙirji, na kwarara murya har kaji suka watse. Na gama ina jiran yabo. Baba Saini ya ja ni zuwa ƙofar gidan da ke bayana, ya yi sallama, ya tambayi matar da ke daka ko ta ji abin da aka ce. Ta ce ta dai ji ana ihu. Ashe na ba gidajen baya, iska kuma ta kwashe maganar ta kai wa masunta a bakin kogi. Ranar na koyi cewa ana fuskantar bango, don bango ne ke jefa murya cikin tsakar gida. Daga baya na koyi sauran. Ba a shela lokacin da injin niƙa ke aiki. Ba a yin ta da rana tsaka, maza suna kasuwa, mata sun gaji. Akwai lungun da za ka fara da Zabarmanci kafin Hausa, akwai wanda in ka yi haka sun ɗauka ba da su kake ba. Rasuwa kuwa ba a fara ta da sunan mamaci, sai ka ba mai tsaye damar ya zauna tukuna.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne tafiyar da ake yi kafin shelar. In taron unguwa ne, akwai mutanen da ba a bari su ji a bakin titi tare da yara. Mai unguwa, liman, tsohuwar da mata ke jin maganarta, da mai dukiyar da za a nemi kayansa. Waɗannan da ƙafa ake zuwa, a tuɓe takalmi, a gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan a ce, "Ana son a yi kaza, an ce a fara jin ta bakinka." Ko an riga an yanke magana, haka ake faɗa. In ka tsallake ɗaya, taron zai cika da yara da awaki, ka rasa dalili.

Kayan aiki kuwa na ga canjinsu iri-iri. Na fara da ganga. Sai amsa-kuwwa mai cin pil, wato batir, ta zo, wadda ke mutuwa daidai tsakiyar sunan mutum, ka ga ana leƙowa ana tambayar wane ne ya rasu. Na yi zamanin keke, na yi na moto, wato babur, har wani ɗan siyasa ya taɓa ɗora ni bayan mota a ce in yi ta ambaton sunansa, na sauka da ciwon wuya. Ban taɓa ƙin sabon kaya ba, kada wani ya ce tsoho ne mai tsoron zamani. Wayata tana aljihu, kuma bokal ɗina ya fi na da yawa daga cikinku fita tas, don ni na san inda ake numfashi.

Masu ba ni aiki su ne jarrabawar. Akwai wanda zai ba ka saƙon da ya fi huɗuba tsawo, ya ce kada ka rage ko kalma. Akwai matar da za ta ce ka yi shelar bikin ɗiyarta ko'ina amma ka rage murya a ƙofar wance. Akwai wanda akuyarsa ta dawo da kanta tun da hantsi, bai aiko ya gaya mini ba, na yi ta yawo cikin rana ina neman abin da ke kwance a gindin turke yana tuƙa. Masu taron sa-kai su ne suka fi kowa, domin su ba biya suke ba, sai "Allah shi saka", kuma in mutane ba su zo ba, mai shela ne bai yi da kyau ba.

Shekarar annobar nan da aka hana taro ita ce muguwar shekarata. Ba suna, ba biki, jana'iza ma a gaggauce. Aikin da ya rage mini guda ne: a ba ni amsa-kuwwa in zaga ina roƙon mutane kada su taru. Ni da na tsufa ina tara jama'a. Ina magana ta cikin ƙyallen rufe baki, yara na bina a baya suna kallo, wato taron da nake hanawa ni nake haɗa shi. Na sayar da moto a shekarar. A shekarar ne kuma kowane lungu ya buɗe gurup, har masu sayar da ƙanƙara suna da nasu. Da aka buɗe gari, mutane ba su fito daga ciki ba.

To, ga abin da nake so ku ji kafin ku zaɓi kome.

A ƙasan lungunmu, inda ƙasa ke gangarawa wajen kogi, akwai babban kanibo, wato magudanar ruwan da ke kwashe ruwan unguwa. Ɗakin Inna Gambi na jingine da shi. Tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗakin na ƙasa ne, kuma a cikinsa ta yi aurenta ta yi tsufanta. Ɗiyarta da ke aure a ƙetaren kogi ta yi ta fama ta koma wurinta, Inna ta ce gawarta ce kaɗai za ta haye gada. Kanibon ya cika da leda da yashi da tsofaffin takalma har ya yi daidai da hanya. Bara waccan, ana gab da damina, ta zo har zaurena tana dogara sanda.

"Illa," ta ce, "ruwan bara ya lashi gindin bangona. Na bana ba lasa za shi yi ba. Ka tara mini mutane su kwashe abin nan tun hadari bai taso ba."

Na kai maganar ga kwamitin unguwa na lokacin. Sakatarensu wani saurayi ne, Aziz, haifaffen Yamai, mai gyaran firji. Kada ku ji ina ambatonsa ku ɗauka sakarai ne. Yaro ne mai ƙoƙari, wanda in an ce aiki shi ke fara tuɓe riga. Shi ya tara mu a fadarsu, inda suke shan shayi, aka zauna zaɓen abin da za a kira mutane da shi, kamar yadda kuke yi yanzu. Wani ya ce shafi, aka ce tsofaffi ba su shiga. Wani ya ce a buga takarda a manna, aka ce awaki ke cinyewa. Aziz ya ce, "Bon, gurup za mu yi. Kowa na ciki, kowa na ganin kowa, ba mai cewa bai ji ba." Aka tafa. Ni aka ce in yi bokal da Hausa da Zabarmanci, in huta da yawo. Na ce manya fa? Ya ce duk ya sa lambobinsu, har da liman. Na dai bi na gaishe su da ƙafa don kaina, suka ce sun ji, Allah ya kai mu.

Gaskiya abin ya fara da kyau, har na ji kunyar gunagunina. Aka sa Lahadi. Wannan ya ce zai kawo felu na kwasar ƙasa, wancan burweti, wato baro, mata suka ce za su dama kunu. Sai dai kafin kwana biyu gurup ya zama kasuwa. Da asuba hotunan furanni da barka da safiya. Da hantsi mai sayar da atamfa. Da rana wa'azi, da yamma bidiyon wani maciji da aka ce an kama a wata ƙasa. Wasu maza suka fidda matansu, don kowane ƙato na iya ganin lambar matar mutum. Bokal ɗina ya nutse can ƙasa, sai ka yi ta jan yatsa kamar mai jan guga kafin ka same shi. Duk da haka maganar Lahadi na nan a tsaye, saboda mutum ɗaya, Alhaji Garba.

Alhaji Garba ɗan kasuwa ne, mai shagon siminti, kuma shi kaɗai ke da kamyo, babbar motar kaya, a lungun. Ba a kwashe kanibo ba mota, domin in ka tara laka a bakin hanya ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito. Kuma hanyar da za a bi a kai ga bayan ɗakin Inna ta cikin filinsa take, fili mai katanga da ƙofar ƙarfe. Ya riga ya ce mini da bakinsa ya ba da mota ya ba da makulli.

Ana saura kwanaki kaɗan, da hantsi, sai wani ɗan rubutu ya fito a gurup, ba wanda ya rubuta shi: Alhaji Garba ya fita.

Nan nake so ku buɗe kunne. Amsa-kuwwata ba ta taɓa faɗin abin da ban sa ta ba. In na kashe ta, ta yi shiru. Gurup kuwa yana da shelarsa ta kansa da ba wanda ya aike shi: wane ya shiga, wane ya fita, wane ya ji bai amsa ba. Kuma yana yin ta a gaban kowa, ba ya sanin babba. A wurinmu dattijo ba ya tashi daga taro tsakiyar magana sai an ɓata masa. To ga dattijo ya tashi, unguwa duka na kallo.

Gurup ya yi tsit, har mai atamfa ta yi shiru. Maganar ta koma bakin shaguna. Wasu suka ce an raina shi, wasu suka ce dama bai so ba da motar ba. Masu haya a gidajensa suka fara cewa Lahadin nan suna da uzuri. Ba wanda ya ɗaga waya ya tambaye shi, domin yaro ba ya kiran dattijo ya ce me ya sa ka yi fushi. Ni ma na yarda fushi ne, me zai hana, da idona na ga rubutun. Na je wurin mai unguwa na ce bari in leƙa Alhaji in ji bakinsa. Mai unguwa ya ce, "A'a, Illa. Mutum kamar Alhaji, a gaban jama'a anka ɓata mishi, ba a aika mishi mutum guda kamar ana biyan bashin gishiri. Tawaga za mu yi." Aka ɗage gayyar sai an yi ban-haƙuri. Aka kuma jira na'ibin liman ya dawo daga ƙauye, don tawaga ba ta cika ba malami. Kullum da yamma gabas na yin baƙi tana washewa.

Ranar da muka je, bayan la'asar ne. Mai unguwa a gaba, na'ibi, ni ina riƙe da ƙullin goro, sai Aziz da abokansa biyu a baya kamar waɗanda za a kai wa alƙali. Alhaji ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka shimfiɗa darduma aka kawo ruwan sanyi. Aka gaisa. Na ajiye goro a gabansa. Mai unguwa ya gyara murya ya ce mun zo ban-haƙuri ne, yara sun yi kuskure, babba kuma shi ke haɗiyewa.

Alhaji ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Haƙurin mi?"

Duk muka sunkuyar da kai, don mun san wannan. Dattijon da aka ɓata wa yakan yi kamar bai sani ba, don mai laifi ya faɗi laifinsa da bakinsa. Mai unguwa ya juya ya harari Aziz. Aziz ya matso a kan gwiwa ya ce, "Alhaji, ni ne. Lokacin da munka zaɓi masu riƙon gurup, an kawo sunan ɗanka Sani, ni na ce a bar shi, wai zai cika muna wuri da tallar siminti. A gafarce ni."

Fara'ar Alhaji dai ta ragu. Muka ɗauka bai ƙoshi ba. Mai unguwa ya harari na biyu. Wannan ya ce shi ne ya yi bokal yana kwaikwayon tarin kamyon Alhaji, har ya ce motar ta girmi gada, amma wallahi wasa ne. Na ukun bai ma jira harara ba. Ya ce shi ya rubuta cewa rabin yashin da ya toshe kanibo daga filin Alhaji yake gangarowa, kuma mutane da yawa sun sa masa alamar yatsa, amma shi yanzu ya gane bai kyauta ba.

Na ga wuyan Alhaji ya kumbura. Ya sa hannu a aljihu ya fiddo wayarsa ya ajiye a kan darduma.

"Wagga waya," ya ce, "cika ta yi ta ƙi tashi. Na kai ta kasuwa wurin mai gyara, ya ce wani abu ne ke zuba mata hotunan huranni dare da rana. Na ce ya hidda shi ko mine ne. Ni ban taɓa buɗe abin nan naku ba, ban san mi ke ciki ba. Direbana na gaya ma ya sha mai ya shirya ma Lahadi, sai na ji an ɗage, ba wanda ya gaya mini dalili." Ya dubi samarin. "Ashe haka kuke zama da ni. To madalla da kunka zo da ƙahwahunku kunka hwaɗa mini."

Ya sa yatsa ya turo ƙullin goron har ya taɓa gwiwata. A sana'ata na sha ganin an ƙi magana, amma ban taɓa ɗaukar goro na koma da shi da nauyi irin na ranar ba. Na'ibi ya fara jawo aya, Alhaji ya ce lokacin salla ya yi, ya shige gida. A hanya mai unguwa ya yi ta cewa, "Wa ya ce ku hwaɗi na yashin?" Kamar ba shi ya yi ta hararar su ba.

Da daddare ba a kai ba labari ya gama unguwa. Washegari Sani ya fita daga gurup, sai direba, sai surukai, sai masu haya, ɗaya bayan ɗaya, wannan karon da gangan, gurup kuma yana ta shelar kowane. Ƙofar fili ta sha sabon kwaɗo. Mai unguwa ya ce a bar Alhaji ya huce. Waɗanda suka rage a ciki suka rabu biyu, masu cewa a ba shi haƙuri da masu cewa ai gaskiya aka faɗa, aka yi ta jifan juna da bokal masu tsawo. A duk cikinsu ban ji wanda ya ambaci bangon Inna ba.

Ita kuwa ta sake zuwa zaurena. Ba ta da waya, ba ta san an yi wani abu wai shi fita ba. Ta ce, "Illa, Lahadi nawa ke cikin watan ga naku?" Na ɗauki amsa-kuwwa na zaga da kaina, na fuskanci kowane bango, na yi da Hausa na yi da Zabarmanci. Mutane suka leƙo suka ce sun ji, amma a bari manya su shirya tukuna, kada a ce sun ɗauki gefe. Aziz ne kaɗai ya zo da abokan nan nasa biyu. Muka tsaya ta bakin hanya muna jan leda da hannu da ƙugiya, iyakar inda hannu ke kaiwa. Yaron ya yi aiki har tafinsa ya fashe. Abin da muka cire bai fi a cika buhu kaɗan ba, toshewar tana can ciki, bayan katanga.

Ruwan ya zo ranar wata Talata bayan azahar. Ba ma irin babban nan ba ne da ake ba da labari, ruwa ne na damina kamar kowane. Ya gangaro daga saman unguwa ya iske kanibo a rufe, ya tsaya yana neman hanya, ya samu gindin bangon Inna. Allah ya sa tana rumfar maƙwabta tana tsince wake. Bangon baya ya zauna, rufin ya bi shi.

Ko da aka ɗauke ruwa, na iso na tarar da taron da ban taɓa tara irinsa ba tun da na fara shela, kuma ba wanda ya kira su. Masu haya, surukai, mai atamfa, kowa da waya a sama yana ɗauka. Sai ga ƙarar mota. Kamyon Alhaji ne, da tarinsa da kome, ƙofar fili a wangale, shi kansa yana tafe a gaba ya naɗe ƙafar wando yana ba da umarni a kwashe ƙasa a fiddo kayan tsohuwa. Ba wanda ya ba shi haƙuri, shi ma bai nema ba.

Inna na zaune a kan akwatinta na ƙarfe, zanenta jiƙe har gwiwa. Ba ta kuka. Ta yafuto ni da hannu na durƙusa.

"Illa, yi mini shela. Matan da ke da ajiya wurina, tukwanen biki da kwanoni, kowa ta zo ta tono nata cikin laka. Ɗiyata na tahe, zan bi ta."

Na ce, "Inna, a gyara miki ɗakin mana. Ga mutane, ga mota."

"Yau akwai su," ta ce. "Yi shelar dai."

Na miƙe na ɗaga amsa-kuwwa, sai ta kama bakin rigata.

"A'a. Sa a wayar."

"Inna, ai ga su nan tsaye gabanmu."

"Dube su da kyau," ta ce. "Can ciki suka koma da zama."

Na duba. Na ajiye amsa-kuwwa a kan laka, na fiddo waya, na yi bokal da Hausa na yi da Zabarmanci. Wayoyi suka yi ƙara a kewaye da ni, na ga mutane suna kai su kunne suna sauraron muryata, ni kuwa ina tsaye a tsakiyarsu. Mata suka fara matsowa suna tuɓe takalma.

Kafin magariba kamyon Alhaji ya haye gada da Inna a gaba kusa da direba, akwatinta da tabarmarta a baya. Lahadin da ta biyo aka kwashe kanibo tas, ba wanda ya yi fashi, har kunu ya yi saura. Yanzu ko wane irin ruwa aka yi, wucewa yake ta bayan kangon ba ya tsayawa.